Wa Ya Raini Tsuntsuwa?

Zuwa ga ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Injiniya da duk wanda yake ƙarƙashin rufinku. Allah ya ƙara muku rufin asiri, ya kare ku daga sharrin mai sharri, ya sa ciwon kan nan da yake damun ki in kin daɗe a gaban kwamfuta ya zama kaffara. Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiya. Baban yara ya koma tuƙi, bayan nasa ya yi sauƙi, ko da yake har yanzu in zai sauko daga mota sai ya dafa ƙofa ya yi nishi kamar wanda aka ɗora wa buhu. Gwaggo tana nan da gwiwarta. Ta rantse man shafawar da kika aiko ya fi na asibiti, amma na kama ta tana shafa wa kyanwarta shi a ƙafa, don haka kar ki yi mamaki in kin ji ya ƙare da wuri. A shago kuma mai shago ya sayo sabon injin wanki mai ƙarar tsiya, ya rage mana wahalar hannu ya ƙara mana ta kunne. Ni dai ina nan a teburin guga inda kika bar ni, tururi a fuska, rigunan mutane a hannu.

Na san za ki ce me ya kai Yaya ɗaukar biro alhali ga waya. Dalili shi ne a waya bakina ba ya bin umarnina. Da na ji muryarki sai in kama dariya da cewa ba komai, mu rabu ban faɗi abin da ke raina ba. Kin sha tambaya ta maganar 'yata Auta, cewa in turo miki ita ta yi sakandare a wurinki kamar yadda yayarta Tsuntsuwa ta yi, ni kuma kullum ina ce miki ina shawara. To, na gama shawarar. Amma kafin in ba ki amsa, sai kin yi haƙuri kin ji abin da ya same ni tun ranar da kika turo mini bidiyon bikin yaye su Tsuntsuwa, don daga can amsar ta taso. Ruwa ba ya tsami banza.

Ranar ina shago ni da Rediyo, abokiyar aikina mai ninke kaya, wadda ba sai na gaya miki dalilin sunanta ba. Muka jingina wayar da kwalin sabulu, muka kashe injin don mu ji da kyau. Sai ga Tsuntsuwata a kan mumbari, da doguwar rigar nan da hula mai lebur, ita ce ta zo ta ɗaya a ajinsu na haɗa magunguna, ita aka ba jawabi. Yarinyar da na sa wa wannan suna saboda ba ta cin abin da ya wuce cikin cokali, yau ga ta tana zuba Turanci kamar famfo. Ban fahimci komai ba, amma ina ta gyaɗa kai. Can sai ta yi shiru, ta duba cikin jama'a, ta miƙa hannu ta ce, "I was brought up by my aunt." Mai ɗaukar hoto ya juyo kanki. Na gan ki kin miƙe cikin shuɗiyar rigar nan, hannu a ƙirji, hawaye shaɓe-shaɓe, ɗakin taro gaba ɗaya ya tashi tsaye ana tafi kamar ba za a daina ba. Na maimaita wurin nan har jimlar ta zauna mini a ka, ni da ban taɓa haddace Turancin da ya wuce wanda ake rubutawa a wuyan riga ba.

Kin san iyakar karatuna. Na san aunt ke ce, tunda Anti yaran suke ce miki. Na san up sama ne, don ana rubuta shi a kwalayen da ake kawo mana da kibiya tana kallon rufi. Brought kuma na tuna daga firamare cewa kawowa ce. Sai na haɗa lissafina, na ce wa Rediyo ai cewa ta yi Antinta ce ta kawo ta sama, tunda a saman bene kuke zaune, ko kuma ke kika riƙo hannunta ta hau mumbarin. Rediyo ta dube ni ta ce in dai don hawa bene ake wannan tafi, ita ma kullum tana hawa da kwandon kaya a ka, ba wanda ya taɓa tafa mata ko da yatsa biyu. Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ni ma na san kukan da kika yi ya fi ƙarfin matattakala.

Da na koma gida na kira Auta na ce ta fassara mini. Ta kalli wayar, ta kalle ni, ta ce yayarta cewa ta yi Anti ta taimake ta sosai. Daga nan ta tashi ta tattara kwanuka ta tafi wanke-wanke ba tare da an sa ta ba. Auta fa, wadda sai na kira sunanta har muryata ta dushe kafin ta ɗauki soso. A nan na tabbata akwai abin da ake ɓoye mini.

An ce matambayi ba ya ɓata, sai na shiga tambayar masu kawo mana wanki. Amma kunya da tsoro suka hana ni faɗin jimlar gaba ɗaya, sai in ciro guntun tsakiya, was brought up, in ce a rediyo na ji. Na fara da akawun kotun nan mai son a zuba wa rigarsa sitati har ta tsaya da kanta. Ya gyara tabarau ya ce wannan ai kullum suna rubuta shi a ofis, in aka ce magana was brought up a wurin taro, ana nufin an tayar da ita, an kawo ta gaban mutane don a tattauna. Na ce ko ana faɗa wa mutum? Ya ce shi dai a aikinsu magana ake tayarwa, mutum kuwa gurfanar da shi ake yi, ya karɓi ledarsa ya tafi. Na wuni ina juya abin, ina cewa to wace irin magana ce 'yata da za ki tayar da ita a taro.

Washegari sai ga nas ɗin da ke kawo fararen kayan aikinta. Da na tambaye ta sai ta fashe da dariya, ta ce a ɗakin marasa lafiya in aka ce abin da mutum ya ci was brought up, to an amayar da shi ke nan. Ƙanwata, Allah ya yafe mini, ranar na yi guga ina waƙa. Ina ta raya wa kaina cewa a gaban manyan mutane Tsuntsuwa ta ce Antinta ta yi amanta, suka tashi suna tafi, ke kuma kina kukan daɗi ba ki san abin da aka ce ba. Na san ƙarya nake wa kaina, ke da kike koyar da mutane aikin ofis da Turanci, amma ƙaryar ta yi mini daɗi na yini guda. An ce kishi kumallon mata, in ya taso sai an amayar. Ga shi nan ina amayar miki da nawa, ki yi haƙuri da warinsa.

Wanda ya warware mini abin shi ne tsohon malamin Turancin nan da ya yi ritaya, mai riguna biyu da yake juya su, waɗanda wuyansu ya cinye har na taɓa farke masa su na juya. Shi ban ɓoye masa ba, na karanto masa jimlar daga farko har ƙarshe yadda na haddace, na dai ce 'yar maƙwabciyata ce ta faɗa. Bawan Allah kamar jira yake a tambaye shi. Ya ja benci ya zauna, ya ɗora hularsa a gwiwa, ina goge masa riga yana bayani. Ya ce in aka faɗi wannan a kan mutum, raino ake nufi da tarbiyya: ci da sha, sutura, jinya, koya wa yaro gaisuwa da kunya da gaskiya, duk abin da ake yi har ɗa ya zama mutum. Ya ce jimlar irin wadda ake juyawa ce, wanda aka yi wa aikin ya zo gaba, wanda ya yi aikin a tura shi baya. Kamar dai mu ce an raine ni, sai dai mu a nan muke tsayawa, su kuwa suna da wata 'yar ƙaramar kalma, by, da suke rataya sunan mai aikin a jikinta a ƙarshe.

Da a nan ya tsaya da na gode masa. Amma malami ba ya ganin allo ya bar shi da sauran wuri. Ya ce abin lura shi ne wannan by ɗin ba dole ba ce. Mutum yana iya cewa an raine shi a ƙauye, ko an raine shi da kyau, ya yi shiru, jimla ta cika ba wanda zai ce ya yi kuskure. Ya ce yawancin lokaci ma haka ake yi, don an ƙirƙiri irin wannan jimla ne saboda a iya barin sunan mai aiki. Wanda ya ƙara by, to da gangan ya ƙara, yana so a ji sunan, kuma ya ajiye shi a ƙarshe ne don kalmar ƙarshe ita ke zama a kunne. Na ce, to ita wadda ta haifa fa, yaya ake cewa? Ya ce nan ma juyawa ake yi, a ce I was born, amma abin da ya saba biyo baya shi ne sunan gari da shekara, ba kasafai ake kawo uwa ba. Sai muka ji ƙauri. Na bar dutsen guga a kan kafaɗar rigarsa har ya zana hotonsa. Tun da na fara aikin nan ban taɓa ƙona kayan kowa ba. Ya dubi rigar, ya dube ni, ya ce dama ta tsufa, kuma in gaishe masa da maƙwabciyar tawa.

To ga shi na faɗa miki a fili, kishinki nake yi. Ba kishin benenku ba, ba na motar Injiniya ba, waɗannan ban taɓa ɗaga ido na dube su ba. Kishin kalmar nan guda nake yi da ta zo bayan by. Ke kika raine ta, ni aka raina. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni na ɗauki cikinta ina tsaye a kan guga har ƙafafuna suka kumbura suka ƙi shiga takalmi. Ni na yi fama da ita lokacin ƙyanda, ni na riƙa bin ta da cokali ina roƙo kamar mai neman alfarma. Ni na koya mata tafiya tsakanin gado da ƙofa, tabon da ke haɓarta ma a gabana ta same shi. Shekara takwas tana hannuna kafin ta zo naki. Wato duk wannan a Turance ba shi da suna, sai gari da shekara?

Kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ƙarya ta yi ba. Da ƙarya ce da na samu abin yin faɗa, na huce. Ke kika kai ta makaranta, ke kika zauna da ita kan aikin gida, ke kika san lokacin da ta zama budurwa, ke kika ga saurayin farko kika kore shi. Ba ki taɓa nuna mata ba ke kika haife ta ba, Injiniya ma haka, Allah ya saka muku. Na sani, kuma ina godiya, amma godiyar tana fita ne ta tsakanin haƙora. Ashe na daɗe ina ganin alamu ina kau da kai. In ta zo hutu sai ta tambaye ni inda muke ajiye cokula. Tana riƙe kofi da hannu biyu irin naki, tana rufe baki in za ta yi dariya irin naki. Wata rana ina ji tana gaya wa Auta cewa in ta koma gida za ta aiko mata da littafi, alhali a tsakar ɗakina take zaune. Na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da tsintar shinkafa.

Na kai ƙara wurin Baban yara, kin san shi, ya ce Turanci ne kawai, ba a wanke jini da Turanci. Ya ce shi ma ai ba a ambace shi ba, ga shi ya ci abincinsa ya ƙoshi. Na ce masa dama shi ko sunansa aka canza a takardar haihuwa in dai an ajiye masa shayi ba zai lura ba. Ya yi dariya ya ce in ina da magana in kira mai jawabin, in daina huce haushi a kan rigunan bayin Allah.

Sai na kira ta. Na fara da yi mata murna yadda ya kamata, na sa mata albarka, sannan na ce na ji jawabi, kuma an fassara mini. Ta ce ai kowa ya san ni na haife ta, Anti kuwa ba ta da wanda zai tashi a taro ya faɗi sunanta in ba ita ba. Wannan ta taɓa ni, ba zan ɓoye miki ba, amma kishi ba ya jin wa'azi. Na ce na yarda, amma ai by ɗin nan ba dole ba ce, da ta ce an raine ta ta yi shiru, da ni da ke duk mun shige ciki, kowa ta ɗauki rabonta. Ta yi dariya ta ce Mama wa ya koya miki nahawu. Na ce ta bar zancen wanda ya koya mini, ta ba ni amsa.

Sai muryarta ta sauya. Ta ce tunda na iya wannan, in koma in saurari jimlar da ta zo kafin waccan, wadda ban tambayi kowa ba. Ta karanto mini ita a hankali: "I was sent to another town when I was eight." Ta ce ma'anarta an tura ni wani gari ina da shekara takwas. Ta ce in lura, wannan babu by. Ta ce ta daɗe a kan jimlar nan tana rubutawa tana gogewa, daga ƙarshe ta bar ta haka, don mutanen da ke ɗakin ba su san lokacin Baba yana kwance da karaya ba, ba su san a ɗaki ɗaya muke ba, ba su san makarantar unguwarmu malami ɗaya ne da aji uku ba. Za su ji kawai uwa ta tura 'yarta, su yanke mini hukunci a ransu. Ta ce inda sunan zai jawo tafi ta faɗe shi, inda zai jawo tambaya ta rufe shi. Ba da faɗa ta faɗa ba, da lallashi ta faɗa, kamar yadda ake gaya wa mara lafiya sakamakon gwaji.

Na ce to ai ba ta sha wahala ba, cikin 'yan kwanaki ta saba. Ta ce wa ya gaya mini? Ta ce ta fi wata shida tana kuka, kullum da yamma sai ta hau kujera ta leƙa taga tana duban titi ko za ta ga na sauko daga mota, ke kuma ki jawo wata kujerar ki zauna kusa da ita har ta gaji ta sauko. Ƙanwata, duk lokacin da na tambaye ki a waccan shekarar cewa kike ta saba, tana wasa, tana cin abinci. Na san don ki kwantar mini da hankali kika yi, kuma da kin faɗa mini da na zo na ɗauke ta, da yau babu hula mai lebur. Amma ki ji irin haukan da kishi yake sa mutum: har kukan nan kishinsa nake yi. Ni aka yi wa shi, ke kika share.

Ban ce na yi laifi ba, kuma ba zan ce ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da na gani shi ne daidai a lokacin na yi, kuma Allah ya sa albarka a ciki, ga ta nan ta zama abin nunawa. Sai dai na koma na saurari jawabin daga farko, yanzu da kunnen da ya san abin da yake nema. Ashe ina ciki. Ga ni nan a wurin da aka yi shiru, bayan an tura, kafin a raina. 'Yata ta rufa mini asiri da Turanci a gaban mutanen da ban sani ba, kuma ban san ko in gode mata ko in yi kuka ba, sai na yi duka biyun a bayan injin wanki inda ƙara ba ta bari a ji.

Yanzu ga amsar maganarki. Auta ba za ta zo ba. Kar ki ɗauka raini ne ko rashin yarda, babu wanda na yarda da shi da ɗa a duniya kamar ke, shaida tana gabanki. Kuma kar ki wahalar da kanki wajen lissafa mini abin da za ta rasa, na riga na lissafa. Na san sakandaren nan tamu yara sun yi wa benci yawa, na san ɗakin gwaje-gwajensu kwalabe ne babu komai a ciki, na san Turancinta ba zai yi santsin na yayarta ba. Malamin nan da na ƙona wa riga ya ce ta riƙa zuwa ranar Asabar yana duba mata karatu, na kuma san wannan ba zai kamo abin da za ta samu a wurinki ba. Baban yara ya ce ina tauye yarinya don in gyara jimla. Wataƙila gaskiyarsa ne. Amma yanzu ba ya kwance, ɗakinmu ya zama biyu, ba ni da dalilin da nake da shi a da. In na tura wannan, ban san abin da za ta rufa mini da shi ba ran nata jawabin.

Na gaya wa Auta da bakina, ban bari ta ji a wurin kowa ba. Ashe har ta gama zaɓen kayan da za ta tafi da su, ta yi wa ƙawayenta sallama a ɓoye. Ta yi kuka, ta ce son kaina nake yi, ta ce don Yaya ta faɗi kalma ɗaya ita za a hana gaba. Ban ƙaryata ta ba, don ban saba yi wa 'ya'yana ƙarya ba. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a taƙaice, abinci kuma sai na fita take ci. Yanzu haka da nake rubutun nan tana kan gado ta juya mini baya, ta ja mayafi har ka, ina jin jan hancinta. Fushi take yi da ni, mai tsanani kuwa, kuma mai yiwuwa ta daɗe tana yin sa. Amma a ɗakina take yi, kuma ni ce zan jawo kujera in zauna kusa da ita.

Ki yi haƙuri da yayarki, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. In kin ji haushi ki kira ni ki zazzage, zan saurara, wannan karon ba zan ce ba komai ba. Ƙofarmu a buɗe take, ki zo hutu ki ga Auta, ki kawo mata littattafan da kika ce kin tanada, ita ma 'yarki ce. Ki gaishe mini da Injiniya da kyau, ki ce na gode da ɗawainiyar biki. Ki gaida surukarki Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya, da ƙanin mijinki Dogo da amaryarsa, da maƙwabciyarki mai ɗinki da ta yi miki shuɗiyar rigar nan, ki ce ta yi kyau ko da yake ban so in yaba ba. Baban yara yana gaishe ku, Gwaggo ta ce a ƙaro man shafawa, Rediyo ma ta ce lallai in sa sunanta. Ki shafa mini kan Tsuntsuwa, ki ce Allah ya yi mata albarka, ya ba ta aiki mai amfani. Allah ya bar zumunci, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Wassalam. Ni ce yayarki,
Maman Tsuntsuwa.